Faɗan Aina'u a Cikin Rumbu

A ƙauyen nan na yamma da Kunci, in ka ce kana neman Dallatu mai Rumbu, ko akuya za ta nuna maka gidan. Manomi ne kamar kowa, gero da gyaɗa da ɗan wake, sai dai da ƙuruciyarsa ya yi yawon bukukuwa da kyamara a kafaɗa. Rumbun da ake laƙaba masa kuwa ba na hatsi ba ne. Wata tsohuwar kwamfuta ce da ya ɗora kan bulo saboda gara. Duk wani suna da biki da saukar karatu na garin yana ciki, ga fina-finai ga wa'azi, kuma wayoyin gidan daga can suke jawo abin kallo.

Rumbu ya tsufa. In an kashe shi, kafin ya tashi sai an yi ta lallashi, don haka Dallatu ya daina kashe shi. Ranar da hadari ya hana sola cika batir, sai ya haƙura da fanka, shi ya sha zufa Rumbu ya sha wuta. Maƙwabta suka ce mutumin nan fina-finai sun cinye masa hankali.

Ba fina-finai ba ne. Matarsa, marigayiya Aina'u, ta ƙi jinin hoto. Mijinta ya ɗauki fuskar kowa a garin, ita ta ce ba da ita ba. Sau ɗaya ya ɗauke ta bidiyo a sace. Tana tuƙa tuwo ya laɓe bayan danga, ta hango shi, ta taso da muciya tana cewa, "Dallatu, ka ajiye abin nan ko in haɗa ku in tuƙe!" Daga nan hoton ya kife, sai ƙafafunsa suna gudu, dariyarta tana bin sa. Ya rantse mata ba mai gani, ya ɓoye bidiyon a ƙarƙashin sunan "Maganin ƙwari", don ya san ba yaron da zai buɗe wannan. Bayan rasuwarta, nan kaɗai yake ganin fuskarta, kuma yana kewarta ƙwarai.

Da aka gama girbi sai 'yarsa Sadiya, wadda ke gyaran kwamfuta a Ungogo, ta zo da sabon faifan ajiya da sabuwar fanka a jaka. Ta kasa kunne jikin Rumbu.

"Baba, ƙas-ƙas ɗin nan da faifan yake yi, sallama yake yi maka."

"Haka yake yi tun shekarar da rijiyar Sama'ilu ta rufta, kuma ga shi da ransa."

"To in ya tafi, da bikin kowa zai tafi. Kai za a zo wa ƙorafi, ba ni ba."

Dole ya yarda. Da ta kwance murfin, suka tarar da gidan zanzaro, da ɓawon gyaɗa, da busasshen ganyen darbejiya da shi da kansa ya cusa don korar ƙwari. Sadiya ta yi dariya har da riƙe ciki. Shi ko murmushi bai yi ba, yana tsaye a kanta kamar mai jiran unguwarzoma. Ta share ƙura, ta ɗaura fanka, ta jona sabon faifai, kaya suka fara ƙaura daga tsohon. Ana dab da gamawa tsohon ya yi ƙara ɗaya ya yi shiru.

"Alhamdulillahi, komai ya tsallake," in ji Sadiya. "Abu ɗaya ne kawai ya ƙi, wai Maganin ƙwari. Ba asara."

Dallatu ya zauna a ƙasa. Ya gaya mata abin da ke ciki. Sadiya ta yi duk dabarar da ta sani, faifan ya ƙi motsi. Ta fita tana share hawaye, ta nufi gidan Inna Juwairiyya, ƙanwar mahaifiyarta.

Ba a jima ba sai ga sallama a zaure. Juwairiyya ce a gaba, mata biyu a bayanta, kowace da waya a hannu. Kafin a gama gaisuwa Juwairiyya ta danna tata.

"Dallatu, ka ajiye abin nan ko in haɗa ku in tuƙe!"

Dallatu ya zabura har hularsa ta faɗi. "A ina kuka samu wannan?"

"Wajen mai shi, Aina'u," in ji Juwairiyya. "Shekarar da ƙwari suka shiga wakenta, ta shiga Rumbunka da wayarta neman magani, sai ta tarar da kanta. Ba gidan sunan da ba ta nuna shi ba. Mu Gudun Dallatu muke ce masa. Ta ce kada mu gaya maka, kanka zai yi girma."

Wato shekara da shekaru yana shan zufa yana gadin abin da ke cikin wayar kowace mace a garin. Ya so ya yi fushi, ya rasa wanda zai yi da shi.

"Ashe ta kalla," ya ce a hankali.

"Kallo kai! In ta zo wajen da ka ruga, sai ta mayar da shi baya."

Sadiya ta karɓi wayar ta tura bidiyon cikin sabon faifai. Rumbu yana aiki shiru, ba tari ba nishi. Ta tambaye shi ko a mayar masa da tsohon sunan.

Dallatu ya ɗauki hularsa ya kaɗe. "A'a. Rubuta Aina'u. Sannan ki ƙara sautin."