Inuwar da Ta Kayar da Baffa

A shekarar da na yi aure ne siyasa ta shigo gidanmu ta ƙofa biyu. Baffana, ƙanen mahaifina, ya ce kujerar kansila yake so. Ba a yi nisa ba sai Kawu, yayan Inna, ya ce shi ma ita yake so. Jam'iyyarsu ɗaya, masallacinsu ɗaya, gonakinsu na albasa a fadamar Danchadi suna maƙwabtaka. A mazaɓarmu kuwa, ta ƙasar Bodinga, jam'iyyar nan ba ta taɓa faɗuwa ba. Wanda duk ya samu tikitinta, sai dai ya ba da ɗinkin babbar riga ya jira rantsuwa.

Ranar fid da gwani aka ce layi za a yi: kowa ya tsaya bayan wanda yake so, a ƙirga. Kawu ya riga zuwa filin makarantar firamare, ya kama gindin wata babbar bishiyar dogon yaro. Baffa ya makara wajen naɗa rawani, ya samu tsakiyar fili, ga rana tana dukan ƙeya. Ni a gidan ubana nake zaune, saboda haka na bi bayan Baffa. Inna tana layin yayanta, tana harara ta daga nesa.

Masu ƙirga daga Bodinga suka yi jinkiri. Ina gani layinmu ya fara zubewa. Tsoho zai ce bari ya sha ruwa, sai ka hango shi a inuwa ya miƙe ƙafa. Wasu Fulani ma da suka fito daga wajen Shagari za su kasuwa suka raɓe a gindin bishiyar don su huta. Da masu ƙirga suka iso, har da su aka haɗa. Kawu ya ci.

Baffa ya cire rawanin da ya makarar da shi, ya yi fifita da shi, ya ce, "Jama'a ku shaida, ba Alhaji yak kashe ni ba. Icce yak kashe ni!"

Daga ranar jam'iyya ta rabe. Lasifika ɗaya gare mu, kuma ni ke riƙe da makirfo a taro, don Allah ya ba ni murya. Mutanen Baffa suka ɗauke ƙahon, mutanen Kawu suka riƙe batir da na'urar. Aka bar ni da makirfo da guntuwar waya. Duk yaƙin neman zaɓen nan da maƙogwarona na yi shi, a bayan a-kori-kura, har muryata ta koma kamar ta ɗan akuya.

A gida ma ban tsira ba. Inna ta daina aiko mini da fura. Da na je gaishe ta, ta ce, "Ka tai wurin ubanka na rana ya dama maka." Amaryata kuwa, da ba ta gama sanin dangi ba, ta gaida Baffa da "Ranka ya daɗe, Kansila," don ta ji an ce a gidanmu kansila zai fito. Ya dube ta ya dube ni, ya wuce.

Da zaɓe ya matso, manyan jam'iyya suka ga abin zai yi wari. Aka kira sulhu a Dandin Mahe, gidan wani dattijo da duka biyun suke jin nauyinsa. Aka yanka rago, aka yi nasiha, aka sa suka yi musabaha. Baffa ya yi alkawarin zai hau mumbari da kansa ya roƙa wa Kawu ƙuri'a.

Ya kuwa cika alkawari. Ranar babban gangami ya miƙe a gaban jama'a ya ce:

"Ku zaɓi Alhaji. Surukinmu na. Gaskiya ba ya da haƙuri, amma ku zaɓe shi. An ce ya ci iyakar gonar marayu, ni ban gani ba, ku zaɓe shi. In ya yi barci wurin taron majalisa, ku yi mai uzuri, mutum na mai son inuwa."

Fili ya kece da dariya. Kawu yana zaune a kujerar roba yana murmushin dole, yana murza carbi kamar zai fasa shi. Shugaban jam'iyya ya raɗa mini in karɓe makirfo. Na ce masa ai ba a haɗe yake da komai ba.

Ana jibi zaɓe sai Baffa ya tuna da zumunci. Wata ɗiyar ƙanwarsa ta haihu a Horo Birni, ya ce rabon da dangi su je can an daɗe, abin kunya ne. Ya ɗauki hayar motoci, ya kwashi mutanensa maza da mata, suka tafi suna ranar jajibiri. Ranar zaɓe kuma an hana zirga-zirgar motoci. Can suka wuni suna cin tuwo da naman suna, katin zaɓen kowa yana aljihunsa. Ni na zauna na jefa wa Kawu, ko Inna ta huce.

Ɗan takarar ɗaya jam'iyyar wani mai sayen albasa ne, mutum mai sanyin hali, wanda aka ba tikiti don babu mai so. Ko hotonsa bai buga ba. Yana fadama yana ban ruwa aka je aka ce masa ya ci. Ya ce don Allah a bar wannan wasa, yana da aiki. Sai da limami ya je da kansa sannan ya yarda ya wanke ƙafa ya fito.

Kawu ya kwanta ciwon kwana biyu. Baffa ya dawo daga Horo Birni ya je duba shi, ya ce, "Ashsha, Alhaji! Da mun sani da ba mu tai ba." Kawu ya juya fuska bango.

Bayan an yi girbi, kowannensu ya yanke shawara a ɓoye cewa jam'iyyar ta mutu, gara ya koma ta sabon kansila. Ni na kai Kawu gidan kansilan a babur. Muna shiga zaure muka tarar da Baffa zaune a tabarma, ya riga mu. Suka dubi juna. Kansila ya fito ya durƙusa ya gaishe su, ya tambayi abin da ke tafe da su. Baffa ya ce ya zo ne ya shiga jam'iyya, kuma in Allah ya kai mu zaɓe mai zuwa yana da sha'awar takara. Kawu ya ce shi ma haka.

Kansila ya share zufa da hularsa. Ya ce, "Alhazai, don girman Allah, mi na yi muku?"