Bangon Ɗakin Inna

Shekara biyar ko shida kafin a ba ƙasar nan mulkin kai, kasuwar gidaje ta mutu murus a cikin birnin Kano. Gyaɗa ba ta yi kuɗi ba, fataken da a da suke sauka a unguwarmu ta Mandawari sun koma sauka a Fagge, masu gidajen baƙi kuma suka wayi gari da ɗakuna ba kowa sai jemagu. Kowa na son sayarwa, ba mai saye. Ni maɗinki ne a lokacin, kekena ɗaya tal, amma akwai wani dillali da yake gaishe ni har da rusunawa, don kawai ya ji an ce ina neman inda zan ajiye mahaifiyata.

Ba gidan saye nake nema ba, muna da kango. Bayan rasuwar mahaifinmu damina biyu ta cinye gidan, Inna ta koma wurin wanta a Dukawuya. Shekara shida tana can, ana girmama ta, amma kayanta a ɗaure suke kamar mai tafiya gobe. Ni ne ɗan farinta, don haka ba ta faɗin sunana, ba ta kuma zama ta yi doguwar magana da ni. Ta bakin ƙanwata nake jin abin da ke ranta. Ita ce ta ce mini, "Yaya, Inna fa ba ta son wani gida. Ɗakinta take so, a inda yake."

Abin da ya rage na ɗakin bango ɗaya ne, wanda ya ba lungu baya. Tsayinsa bai wuce ƙirjina ba, ruwa ya zaizaye gindinsa, ƙadangaru sun mai da shi nasu.

Mutuwar kasuwar ce ma ta ba ni dama, domin magina sun rasa aiki. Wani dattijo, wanda a shekarun baya sai attajirai ke iya kiransa, ya yarda ya yi mini ɗaki biyu da zaure. Baba magini muke ce masa. Mutum ne mai tsadar magana, in ya faɗi abu sau ɗaya ya gama. Ya zagaya kangon hannu a baya, ya ce tunda hukumar En'e, wato gwamnatin sarki, ta hana haƙa sabon kududdufi saboda sauro, ƙasar da jakuna ke kawowa daga bayan ganuwa kuma ba ta talaka ba ce, to ƙasar kangon za mu kwaɓa mu yi tubali da ita. Sai ya dafa bangon nan ya ce, "Wannan a bar shi." Kashegari aka aiko an yi masa rasuwa a ƙauye, ya tafi kwana uku.

A nan na yi wautar da har yau nake jin ta a wuya. Na dubi bangon, na ce a raina tsufa ne ya sa Baba ganda. Yaya zan dawo da uwata bayan shekara shida in ɗora mata sabon ɗaki a kan ruɓaɓɓen bango? Me mutane za su ce? Ga shi kuma ƙasa ba ta isa ba. Na sa leburori, kafin azahar suka kwantar da shi. Muka zuba ruwa, muka tattake da ciyawa, tubali ya fito jere a rana gwanin sha'awa. Na koma kan kekena ina jin kaina, har na ƙagara Baba ya dawo ya yabe ni.

Da ya dawo ya tsaya a bakin lungu, ya dubi inda bangon yake a da, ya cire hula ya sosa kai.

"Wa ya yi wannan?"

"Ni ne, Baba. Na ga ya ruɓe."

"Ka ga ya ruɓe. Ni makaho ne, ban gani ba?" Ya mayar da hular. "Ɗana, muddin tsohon bango na tsaye, ko da tsawon gwiwa ne, sunan aikinmu gyara, ba ruwan kowa da mu. Yanzu da ka kwantar da shi, sunansa sabon gini. Sabon gini kuwa sai da takarda, kuma sai ya ja baya ƙafa huɗu ya bar wa lungu da kwata."

Ashe duk maginin birni ya san wannan, har lebura ma ya sani. Shi ya sa za ka ga an yi sabon gida ƙal amma a gindinsa akwai wani baƙin tsohon dungu. Ni na ɗauka rowa ce.

Ƙafa huɗu ba wani abu ba ne a fili. Amma ɗakin Inna faɗinsa bai kai ƙafa tara ba, a gabansa kuma rijiya take, ba halin a turo shi cikin gida. In aka cire huɗu, abin da zai saura bai isa a shimfiɗa tabarma a juya ba.

Baba ya ce mu gwada wata dabara, na kuwa yarda, ba na ɓoyewa. Muka jera tubali layi uku a kan tsohon harsashi, muka yaɓe, muka shafe da toka da baƙar ƙasar bakin kwata don ya yi kama da tsoho. Kwana biyu bayan nan sai ga duba-gari, ma'aikacin tsaftar da ke duba gine-gine, da igiyar awo da littafinsa, mai unguwa na biye da shi. Duba-garin saurayi ne kusan sa'ana, mai ladabi. Ya durƙusa ya gaida Baba, sannan ya danna babban yatsansa a jikin bangon. Yatsan ya shige.

"Baba," ya ce, "wannan tsohon bangon naku har yanzu bai bushe ba."

Mai unguwa ya juya baya, kafaɗunsa na rawa don dariya. Baba ya ce, "Ginin mutanen dauri ke nan, Malam, yana riƙe danshi." Har shi duba-garin sai da ya yi dariya. Ni kaɗai ne ban yi ba.

Na ja shi gefe na gaya masa gaskiya, cewa ɗakin tsohuwa ne, kuma shi take jira. Ya saurare ni har na gama. Sannan ya kama hannuna ya kai ni tsakiyar lungun, ya buɗe hannuwansa, yatsunsa suka taɓa katanga dama da hagu. "Malam, dubi nan. Jaki da mangala ba ya wucewa. In an yi ruwa, ina zai bi? Gindin bangonku yake bi. Abin da ya kayar da gidan mahaifinka ke nan. Da ka bar mini ko dungu ne, da na kau da kai. Yanzu ba abin da zan rubuta sai abin da na gani."

Na ji haushinsa ƙwarai, na daɗe ina ji. Abin da ya fi ba ni haushi shi ne gaskiya ya faɗa. Na sha tunanin wannan doka daga baya. Waɗanda suka yi ta lungu suka gani, da ruwa, da sauro, kuma ba su yi kuskure ba. Sai dai igiyar awo ba ta san wanda ya taɓa kwana a wuri ba. Ya kafa turakunsa huɗu, ya ja layi, ya tafi.

Aka yi gini. Ɗakin Inna ya koma ɗaya ɓangaren tsakar gida, ya fi na da faɗi, da taga babba irin wadda doka ta ce. Baba ya zuba gwaninta, ya zaɓo azara mai kyau daga gidajen da ake rushewa don rashin mai saye, ya shafe bango da makuba har yana ƙyalli. Ragowar tsohon ɗakin ta zama wurin ajiye itace. Muka rufe soro saura kwana kaɗan ruwan farko ya sauka. Duk tsawon aikin ban iya zuwa na gaya wa Inna ba, ƙanwata na tura. Ta dawo ta ce Inna ta ce Allah ya yi albarka. Shi ke nan abin da ta ce.

Ranar da ta tare, ta shiga sabon ɗakin, ta dubi rufi, ta shafa bango, ta ce ya yi kyau. Aka kwance kayanta. Na ce a raina, to, alhamdulillahi, an wuce wurin.

Da safe na fito zan tafi kasuwa, sai na tarar da ita a waje, a cikin lungu, lulluɓe da mayafi, ta sunkuya tana shara. Ba lungun duka take sharewa ba, ƙafa huɗun nan ne kawai. Ta kwashe kashin jaki da ɓawon rake, har tsohon daɓen ɗakinta ya bayyana, ja, sumul, da sawun mutane a kansa. Kunya ta kama ni.

"Inna, ki shigo mana. Wannan ai hanya ce yanzu. Mutane za su ce na bar ki kina sharar lungu."

Ba ta ɗago ba. Ta nuna wani wuri da bakin tsintsiya, dab da sabuwar kwata.

"Nan gadon yake," ta ce. "Nan na yi jinyar ubanku, nan ya cika. Ba zan bari jaki ya yi kashi a wurin ba."

Wani mai itace ya taho da jakinsa, ya ce gafara. Ta matsa ta manne da katanga, suka wuce ta kan wurin, ta dawo ta ci gaba da shararta. Shekara tara ta yi a gidan, kullum da safe sai ta fita da tsintsiya. Ban sake ce mata ta shigo ba.