Tsohuwar Kwamfutata da Zanen Barebari

Kwamfutar da nake aiki da ita a shagona na Fagge ta riga ni gajiya, kuma ni ma ba wani ƙarfi ne ya rage min ba. Laftof ce 'yar gwanjo, tun da na saye ta da tsufanta ta zo. Sana'ata ɗaukar hoto, amma yanzu ba mutane na fi ɗauka ba, atamfa ce da shadda da leshi. 'Yan Kantin Kwari su aiko da kaya, in shimfiɗa in ɗauka, in gyara launi har ya fito yadda yake a ido, su kuma su tura wa masu saye ta waya. In na danna manhajar gyaran hoto, sai in tashi in yi alwala, in leƙa wajen mai shayi mu gaisa, in dawo in tarar da ita tana ta juya ɗan zoben nan nata. Na zage ta, na lallashe ta, har bulo na taɓa sa mata a ƙarƙashi don ta sha iska. Daga baya na haƙura, muka ci gaba da zama da juna a haka.

Da ba don wani dattijo maƙwabcina ba, da har yau ban kai ta gyara ba. Babarbare ne, yana wanki da gugar huluna a rumfar da ke jikin shagona. Tun yana saurayi ya baro Barno, a Fagge ya yi aure, a nan ya aurar da 'ya'yansa. Wata rana da hantsi ya shigo yana lalube da ƙafa, domin idonsa ya jima yana ja da baya. Ya zauna a benci, ya zaro wani ƙunshin tsumma daga aljihu, ya warware shi a hankali.

Ɗan ƙaramin hoto ne baƙi da fari, bai kai tafin hannu ba. Wata mata ce a zaune da lafaya. Hoton ya sha ajiya a ƙasan adaka, ya karye a tsakiya, ga ƙarzuwa ta ko'ina, duk fuskar ta cika da siraran layuka daga sama zuwa ƙasa.

"Mahaifiyata ce," in ji shi. "Shi ke nan hotonta a duniya. Likita ya ce abin da ke idona ba yana ba ce da za a cire, tafiya yake yi kuma ba ya dawowa. Ɗana, so nake ka mayar min da shi babba, ka wanke shi, in ga fuskarta tun ina iya gani."

Na ce, "Baba, in sha Allahu." Amma na san dokin da zan hau.

Hoto irin wannan sai an kwafe shi a na'ura da girma sosai kafin a iya bin kowane tabo. To girman nan shi ne abin da kwamfutata ta tsana. Na goge ɗigo ɗaya, sai ta tsaya ta yi tunani kafin ta yarda. Na matsa gefe, sai allon ya daskare, fanka ta hau kuka kamar injin markaɗe, ƙasanta ya yi zafin da za a iya ɗumama tuwo. Sau da yawa ta mutu a tsakiyar aiki, abin da na yini ina yi ya bi ruwa. Kullum da safe Baba zai leƙo ya ce, "Ta fito?" Ni kuma in ce saura kaɗan, alhali ko lafayar ban gama ba. Abin ya dame ni ƙwarai, domin ina lura da shi, da yana gane ni daga bakin titi, yanzu sai na yi magana.

Ranar wata Asabar na naɗe ta a sallaya, na hau adaidaita sahu zuwa Sabon Gari. Akwai wani mai gyara da na sani, Ibo ne, amma a nan aka haife shi, Hausarsa ta fi tawa ƙwari. Shagonsa a saman bene yake, matattun kwamfutoci jibge har rufi. Ya kalli abin da na ajiye masa, ya kalle ni.

"Malam mai hoto, wannan gyara ka kawo ta ko jana'iza?"

"Oga, kai dai taimaka. Aikin wani tsoho ne ya maƙale a ciki."

Ya kwance bayanta, ya sa tsinke ya zaro wani curi daga cikin fankar, ja da shuɗi da kore a cakuɗe. Burbushin zare ne na duk yadin da na taɓa kaɗewa a shago. Ya ɗaga shi sama yana dariya, ya ce, "Ka ga Kantin Kwari guda a nan. Ta ina za ta yi numfashi?" Ya goge, ya shafa sabon man da ke rage zafi. Ya ƙara mata abin da suke kira ram, wanda ya ce shi ne faɗin teburin da take aiki a kai. Ya cire tsohon faifan ajiyarta mai juyi, ya sa sabon iri wanda ba ya juyawa. Sannan ya hau yi min faɗa kamar ya kama ni da sata: in daina tara hotunan shekara da shekaru a cikinta, in kwashe su zuwa ma'ajiyar waje, in kashe tarkacen manhajojin da ke tashi tare da ita, in riƙa aiki tana jone da wuta, in daina buɗe hotuna barkatai lokaci guda.

"Ba za ta koma budurwa ba fa," in ji shi. "Amma za ta yi tafiya. Ka zauna in gama yau, gobe ina coci."

Ta kuwa yi tafiya. Da na dawo Fagge na kunna, kafin in gyara zama manhajar ta buɗe. Har na ji wani iri, kamar wanda ya saba tura ƙofa mai nauyi ya tarar an sa mata mai. Sai idona ya kai kan wani maɓalli da na daɗe ina kallo daga nesa, wanda ke wanke tsohon hoto da kansa. Da ko gigin taɓa shi ba na yi, don take kwamfutar za ta suma. Na danna. Cikin ɗan lokaci karyewar ta haɗe, layukan suka ɓace, sai ga wata kyakkyawar mata da fuska sumul tana kallona. Wallahi na yi murna, har na tashi na kira Baba da kaina.

Na zaunar da shi a kujerata, na ƙara hasken allon, na faɗaɗa fuskar har ta cika shi. Ya matso da kansa har hancinsa ya kusa taɓawa. Ya daɗe a haka. Sannan ya ja baya.

"Wannan 'yar wace ce?"

"Baba, Inna ce mana."

"A'a. Ina zanenta?"

Sai a lokacin na fahimci abin da ya faru. Matar Babarbariya ce, da zanen Barebari a kumatunta da goshinta, dogaye daga sama zuwa ƙasa, daidai yadda ƙarzuwar hoton ta bi. Na'urar ba ta san wanzami ba, duk layin da ta gani datti ne a wajenta, ta share su gaba ɗaya. Ni ma da na shekara ina goge wa amare ƙuraje, hannuna ya saba ganin sumul a matsayin kyau. Karin maganar nan ta neman gira ta zo min baki, na dubi idon mutumin da ke gabana, na haɗiye ta.

Allah ya taimake ni ban goge kwafin farko ba. Muka koma kansa, wannan karon da hannu, kuma tare. Bayan la'asar Baba zai rufe rumfarsa ya zo ya zauna kusa da ni. In faɗaɗa layi ɗaya har ya yi kaurin yatsa, in ce, "Wannan fa?" Ya ce nata ne, in bari. Ya ce ba nata ba ne, in goge. Kwamfutar yanzu ba ta ɓata mana lokaci, ina taɓawa take yi. Mu ne muka zama masu jinkirin. Wani layin sai ya yi ta dubansa har shayinsa ya huce, ni kuma bayana ya ƙage, ga 'yan Kwari suna ta kira a kan hotunan shaddarsu. Na gaji matuƙa a kwanakin nan, amma ban iya ce masa mu yi sauri ba.

A tsakanin layi da layi yake ba ni labarinta. Ya ce yana ƙarami in ta ɗora shi a cinya, yakan bi zanen da yatsa tun daga ƙasan ido har haɓa, ita kuma ta yi kamar za ta cije shi. Ya ce ranar da ta rasu yana nan Kano, kafin saƙo ya iso an riga an binne ta.

Muka gama kuncin dama da goshi. A kuncin hagu, inda hoton ya karye, akwai wani layi guda da ya gagare mu. Na faɗaɗa, na ƙara haske, na rage, na juya allon ya bar hasken ƙofa. Ya sa hannu ya kare gefen idonsa, ya duba, ya sake dubawa.

"Ba na gani," ya ce. "Kuma na manta."

Ban taɓa jin muryarsa ta yi ƙasa haka ba. Can sai ya juyo da fuskarsa gare ni, ya cire hula. "Dubi nawa. Iri ɗaya ake yi wa 'yan gidanmu."

Na duba. Shekara da shekaru muna gaisawa da mutumin nan, ban taɓa ƙare wa fuskarsa kallo ba sai ranar. Zanen yana nan, amma tsufa ya tattare fatar, tamoji ya haɗiye wasu, ba ka iya rabe aikin aska da aikin shekaru. Na faɗa masa gaskiya, na ce ban iya ganewa ba.

"To bar shi," in ji shi. "In nata ne, kada mu raba ta da shi."

Na bar shi. Washegari na kai aka buga hoton babba a takarda mai sheƙi, na kawo masa rumfa. Ya goge hannunsa a riga, ya karɓa, ya fita da shi bakin titi inda rana ta fi ƙarfi. Ya kawo shi kusa, ya nisanta shi, ya karkata kai yana neman ɗan gefen da idonsa ke aiki. Daga nan ya ɗora yatsa a ƙasan idonta ya ja zuwa haɓa, ya sake komawa ya ja. Takardar santsi ne da ita, babu abin da yatsa zai ji.

"Ɗana," ya ce, bai ɗago ba. "Kai da kake gani. Ta yi kama da ni?"

Na ce, "Sosai, Baba. Har hancin."

Ya gyaɗa kai, ya ce in sake faɗa masa kamannin nasu, in faro daga goshi, a hankali.