Shayin Abba Ba Citta

Kafin jiya ban taɓa gaya wa kowa ba, amma tunda Abba ya kawo mu Riyad nake fushi da shi, saboda ya raba ni da kakata.

Jiya ya dawo daga asibitin da yake aiki da tambayoyin auna fushi. An gwada su a kan mutanen Girka, yana son ganin ko za su dace da Bahaushe. Kina ihu? Kina buga ƙofa? Duk na ce a'a.

"Mamana ba ta fushi ke nan?"

Na sunkuyar da kai. "Ina yi, Abba. Daina sa citta nake a shayinka."

Ya yi dariya. "Ni kuwa ina ta zargin cittar kasuwar Batha!" Can ya ce, "Kewar Hajiya ce ko? Ni ma uwata ce fa."

Yau na cika masa citta har ya yi tari. Ku fa, yaya kuke nuna naku fushin?