Dodo, Jagoran Dutsen Gwauro

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, tara ga watan Ƙaramar Salla na shekara ta 1345, bayan la'asar, Allah ya karɓi ran Dodo ɗan Manzo a gindin Dutsen Gwauro, yamma da Ollelewa. Ni Attahir, maƙwabcinsa, nake rubuta wannan.

Baba Dodo, duk wanda ya taɓa hawa dutsen nan sawunka ya bi. Kai ka san hanyar awaki, wadda ke zagayawa ta kudu har tsohuwa ma ta iya takawa a hankali. Kai ka san tsagar arewa, inda sai da rarrafe, hannu da gwiwa. Ba ka taɓa ɓoye wa kowa su ba. Da rani, idan rijiyoyi suka ja baya, manomi da makiyayi duk kai suke nema ka kai su kwarmin ruwan da ke can ƙololuwa. Wasu sun ce ka bar baƙi su nemi nasu. Ka ce ba kai ka zuba ruwan ba.

Ba zan manta shekarar da mahara suka sauko daga arewa ba. Gari ya watse, kowa ya nufi dutse. Mahaifiyata Balki ba ta da ƙafa, ni kuma ina can Damagaram fatauci. Ka ɗaure ta a bayanka da rawaninka, ka hau da ita ta tsagar arewa. Har ta rasu, kullum bayan sallar asuba sai ta ambaci sunanka kafin nawa. Ban taɓa jin haushi ba.

Ko Nasara kumandan, mai mulkin ƙasa, da ya zo hawa, ka dubi takalmansa ka ce wa tafinta, "Gaya masa ya tuɓe, dutsen nan bai san kumandan ba." Ya tuɓe kuwa.

Ranar Talatar, Fatu matar Ila tana saukowa da tulu santsi ya kwashe ta, ta maƙale a wani ɗan gefe, ƙarƙashinta rami. Ga ta da ciki wata shida. Maza sun taru suna kallo, ba wanda ya san inda zai sa ƙafa. Kai da furfurarka ka sauka wurinta, ka ɗaura mata igiya, muka jawo ta. Da ka juyo za ka hau, dutsen da ka taka ya ɓalle, ka faɗa ramin.

Mun same ka da sauran numfashi. Ka tambayi lafiyar Fatu, muka ce lafiya lau. Ka ce, "Alhamdu lillahi. Attahir, ku toshe wurin nan da ƙaya, kada mata su sake bi." Ka yi kalmar shahada, shi ke nan. Washegari mun toshe, Baba.

Allah ya jiƙanka, ya yafe maka kurakuranka, ya haskaka kabarinka, ya sa Aljanna ce makomarka. Ina miƙa ta'aziyyata ga matarka Inna Zainabu, da 'ya'yanka Yahuza da Raishatu, da dukan mutanen Ollelewa. Allah ya ba mu haƙuri. Ya sauki Fatu lafiya, wadda har yau take zaune a gidan makoki ta ƙi komawa ɗakinta. Amin.