Dizonkter a Ɗakin Yaya

Shirun ne ya fara gaya mini. Duk wanda ya kwana ɗaki ɗaya da konjelater, injin nan na daskarar da ƙanƙara, ya san gurnaninta, ba ka lura da shi sai ranar da ya ɗauke. Na idar da sallar asuba ina zaune kan tabarma, sai na ji ɗakin ya yi wani iri, kamar an fitar da mutum daga ciki. Na ɗaga kai, ampul, ƙwan fitilar ɗakin, yana ci. Ke nan ba kuran, wato wutar lantarki, aka ɗauke ba. Na ɗaga murfin konjelater, sanyi bai gudu ba tukuna, amma ɗan jan idon nan na gefenta ya mutu.

Tsakiyar bazara ce, irin ta Madawa, wadda ko ruwan randa sai ka hura kafin ka sha. Uban ɗiyana ya rasu a shekarar da ta gabata. Konjelater ɗin shi ya zo da ita daga cirani, tun daga Abijan a kan mota, ya ce mini ko ba ya nan kada in roƙi kowa gishiri. Da na fita takaba ban koma garinmu ba, na zauna a gidansu da ɗiyana uku, a sashen da ya gina da hannunsa. Da ita nake riƙe su. Ina ƙulla ƙanƙara da zoɓo a leda, kuma wasu mata biyu masu saro kifi daga tabkin Keita suna ajiye kayansu wurina. Muddin tana gurnani ina da bakin cewa ban zame wa kowa kaya ba. Na san kuma an sa ranar auren babban ɗan wan mijina, gidan ba sauran fili, kuma idanu sun fara auna ɗakunana.

Na zare wayar konjelater na sa cajar salula a piriz ɗin, wato ramin nan na bango da ake soka waya. Shiru. Na kai ta piriz na bayan gado, shiru. Na ɗakin ɗiya, na rumfa inda nake guga, duk gawa. Na ce ko cajar ce ta lalace, na ɗauko rediyo na bi su ɗaya bayan ɗaya, har da buga bango da tafin hannu kamar mahaukaciya. Ampul kuwa yana sama yana ta haske, ko a jikinsa.

Surukata, Inna, tana tsakar gida tana jan tasbaha. Ita ɗakinta ba piriz, tun farko ta ce ba ta son bantilater, iskarsa na shiga mata ƙashi. Na gaya mata.

Ta ce, "Ayya. Allah shi kyauta, ɗiyata."

Na hau kabu-kabu na je bakin tasha na ɗauko mai gyaran wuta, wani dattijo mai fama da tari, wanda shi ya ja wa marigayi wayoyin sashen. Ya zo da turnabis ɗinsa mai ƙwai a ciki, irin wanda in ka soka a rami ka ɗora yatsa a gindinsa sai ya yi ja idan akwai wuta. Ya soka a kowane piriz, ramin dama da na hagu, bai yi ja ba. Ya kwance su daga bango ya duba ko waya ta saki, ko ta ƙone. Har shinshina su ya yi. Ya hau turmi ya buɗe ɗan akwatin da wayoyi ke haɗuwa a saman ƙofa, yana cewa wataƙila gara ce ta ci roba, don ginin ƙasa ba ya rabo da ita. Ba gara, ba ƙuna, komai tsaf.

Ya sauko yana kakkaɓe hannu ya ce, "Madam, nan ba abin da ya lalace. Wutar ce ba ta isowa. Sai an diba dizonkter."

Ni kuwa na san inda yake.

Dizonkter shi ne ɗan makunnin da ke yanke wuta da kansa idan kaya sun yi wa waya nauyi ko wayoyi sun haɗu. Gidanmu akwai su jere cikin akwati ɗaya: na fitilu daban, na piriz ɗin sashena daban. Ranar da aka kawo kuran gidan, mai gyaran ya so ya kafa akwatin a zaure inda hannun kowa zai kai. Aka ce a'a. A gidajenmu makullin rumbu wurin babba yake, to wuta ma haka. Aka kafa shi cikin turakar Yaya, wan mijina, bayan ƙofa. Mijina ya sayi wayar, ya sayi akwatin, ya tsaya yana murmushi aka kai su ɗakin wansa. A lokacin ni ma ban ga aibin abin ba, Allah ya sani.

Yaya kuwa tun kafin asuba ya tafi gaisuwar mutuwa wani ƙauye bayan Keita, shi da iyalinsa duka. Ƙofar turaka da kwaɗo, makulli cikin aljihunsa.

Na ce wa mai gyaran, "Baba, ba wata dabara? A ja mini daga ampul mana."

Ya girgiza kai. Ya ce wayar fitila siririya ce, ba za ta ɗauki konjelater ba, ko ta narke cikin bango ko ta kayar da na fitilun ma, gidan duka ya shiga duhu. Maƙwabcinmu na jikin katanga ba shi da kuran, ɗan fanon hasken rana gare shi na cajin salula. Na tsallaken hanya kuwa ba wayar da za ta kai.

Na kira Yaya. Wayar ta yi ta ƙara ba a ɗauka ba. Na sake kira, aka ce ba a samun sa. Cikin duwatsun nan dama magana ba ta shiga sosai, da wannan na riƙa lallashin kaina. Da azahar na ɗaga murfi, ledojin sama sun fara laushi. Na kwaso barguna da buhunan albasa na jiƙa na lulluɓe ta. Na bi gidajen da na san suna da firigo, ina sallama ina haɗa hannu. A wannan zafin wa ke da wuri? Kowa tasa cike take.

Na dawo na durƙusa gaban Inna. Na ce, "Inna, ki ba da izini a cire kwaɗon nan. Ba ni za ni shiga ba, na san ba hurumina ba ne. Mai gyara zai shiga, ke kina tsaye. Yatsa ɗaya zai sa. In an gama in sayo sabon kwaɗo."

Ta ce, "Ke ɗiyar ga! A ɓalle ɗakin babba shina bisa hanya? Mi za a ce da mu cikin gari?"

"To mi za a ce in kifin mutane ya ruɓe hannuna?"

"Ki yi haƙuri. Shina tahe."

Haƙuri! Kalmar nan da ana tara ta a rumbu, da na ciyar da Adar gaba ɗaya. Na tsaya gaban ƙofar nan ina kallon kwaɗon, ɗan ƙaramin kwaɗo ne na kasuwa wanda taɓarya ɗaya ta ishe shi. Taɓaryar ma tana jingine a wurin. Ban ɗauka ba. Matar ƙane ta fasa turakar wan miji, wannan magana sai ta riga ni kabari, kuma ɗiyana za su gaje ta.

Da ya ga dama ya ɗauki waya, washegari. Na gaishe shi, na yi masa ta'aziyya, na gaya masa halin da ake ciki da muryar da ban san ina da irinta ba, don taushi. Na ce ko zai ba wani direba makullin ya kawo.

Ya ce, "Makullin ɗakina ba ya yawo cikin mota. A jira ni."

Aka jira shi. Ƙanƙara ta koma ruwa, zoɓo ya kumbura cikin leda ya yi tsami. Na ce da matan nan su zo su kwashi kifinsu ko a soya ko a banɗa, ɗaya ta zo da wuri ta tsira da rabi, ɗayar tana ƙauye, ba ta samu saƙo ba sai da aiki ya gama lalacewa. Ba ta zage ni ba, da ma ta zage ni. Ta leƙa, ta toshe hanci da gefen mayafi, ta ce, "Na ɗauka wurinki amana ba ta ɓaci." Ta juya. Ni da babbar ɗiyata muka kwashe a bokiti muka kai bayan gari muka binne, ƙudaje na bin mu har gida. Inna ta taya ni wanke cikin konjelater da toka da lemun tsami, tana yi tana cewa sannu.

Ranar da Yaya ya dawo sai da ya yi wanka, ya ci tuwo, ya karɓi masu yi masa barka da hanya. Sannan ya ciro makulli. Na riga na aika an kira mai gyara. Shi ya shiga, ni na tsaya daga bakin ƙofa, Inna na bayana. Daga nan ina hango akwatin: makunnai na sama, ɗaya na ƙasa. Nawa.

Mai gyaran ya ce in je in zare komai daga piriz. Na zare. Ya sa babban yatsa ya tura shi sama, ƙas. Makunnin ya zauna. Ya taɓa turnabis a ƙasansa, ƙwan ya yi ja. Ya ce in sa rediyo, na sa, ta kama magana. Ya ce in sa dutsen guga. Ya ce to yanzu konjelater. Na soka wayar, ta yi ɗan tari ta kama gurnani. Na dawo bakin ƙofa da gudu.

Ya ce, "In akwai cuta a layin, yanzu za shi sake hwaɗuwa. Mu jira."

Muka tsaya muna kallon ɗan makunnin nan. Wallahi addu'a nake yi ya faɗi. Ina cewa ya Allah ka kayar da shi, ka sa gara ce, ka sa waya ce ta ƙone, ka sa konjelater ɗin ce ta tsufa. Duk wanda ya zama cikin waɗannan zan iya zama da shi a gida ɗaya. Bai faɗi ba. Mai gyaran ya sauke shi da hannu ya sake tayarwa, ya girgiza wayoyin, ya ƙara jira. Yana nan daram.

Dattijon ya yi tari, ya kalli ƙasa. Mutumin kirki ne, ya so ya rufa wa gidan asiri. Ya ce, "To, Alhaji, wani lokaci kuran kan taho da ƙarhi, sai shi hwaɗi da kainai..."

Yaya ya ce, "Ba hwaɗuwa ya yi ba. Ni na sauke shi."

Ya faɗe ta yana gyara hularsa. Ya ce mutum ba ya tafiya ya bar injin yana ci a gida ba namiji, in gobara ta tashi wa za a tambaya? Na ce, "Yaya, da kun gaya mini ai da na kwashe kayan mutane." Ya ce shi ba ya neman izinin kowa a gidan ubansa, kuma daga yau duk ranar da zai yi tafiya haka za a yi. Shi kuwa falken albasa ne, rabin wata ba ya gida. Sannan ya ƙara da cewa in zaman ya yi mini wuya, ba wanda ya ɗaure ni.

Ban yi kuka a gabansa ba, wannan kam ban ba shi ba. Na koma ɗaki na zauna a ƙasa na jingina da konjelater, tana ta aikinta, ba komai cikinta sai warin lemun tsami. Can Inna ta ɗaga labule ta shigo da ƙwaryar fura. Ta ajiye, ta zauna kusa da ni, ta dafa mini gwiwa. Na ɗauka ta zo ta ce ɗanta bai kyauta ba. Har na fara jin zuciyata tana sauka.

Ta ce, "Ki yahe mishi, ɗiyata, gaggawa gare shi. Ni sai da na ce mishi shi bari ki ci kasuwar azumi tukuna."

Na dubi hannun da ke kan gwiwata, har yanzu da toka a ƙarƙashin farcen. Na ɗauke shi a hankali na mayar mata kan cinyarta. Da yamma na aika wa wana a ƙauyenmu, can wajen Azarori, na ce ya zo da amalanke biyu, ɗaya ta kaya, ɗaya ta ɗiya. Ya aiko yana tambaya me zan yi da konjelater a garin da ba kuran. Na ce ya zo dai.