Lailatu Mai Daddawa da Maganin Surukarta

A Birnin Tudu, in baƙo ya tambayi daddawa mai kyau, gidan Lailatu ake nuna masa. Tun tana yarinya ta koyi sana'ar a wurin kakarta, daga dafa kalwa da surfe har rufe ta a kwando ta nuna. Ranar Talata 'yan sari ke kwashe abin da ta yi su kai kasuwar Mafara. Mijinta Mas'ud shinkafa yake nomawa a fadamar Bakalori, mutum ne marar yawan magana.

Shekararsu takwas da aure. Sau biyu ta ɗauki ciki, sau biyu yana zubewa tun bai yi ƙwari ba. Daga na biyun kuwa shiru.

Inno, mahaifiyar Mas'ud, ba ta taɓa yi mata gori ba. Ita dai ba ta iya zama ta zuba ido. Wata rana ta dawo daga garin Kaya da ƙullin sassaƙe da saiwoyi, ta jiƙa su a sabon tulu, ta kira Lailatu.

"Ɗiyata, wanga na wankin mahaifa ne. Kullum da safe ƙoƙo guda, kafin ki ci komi. Yana da ƙarfi, mai shi ta ce mace mai juna biyu ba ta shan shi. To ke ai mun san babu."

Lailatu ta durƙusa ta yi godiya. Kwana biyun nan ba ta gane jikinta ba. Nononta ya yi nauyi, ko zane ya goge shi sai ta ji zafi. Barci na ɗibarta tana tsakiyar kirɓi. Shekaranjiya kuma da ta buɗe kwandon daddawa, warin da ta tashi a cikinsa tun ƙuruciya ya juya mata ciki, sai da ta ruga bayan rumbu.

Tana da tsinken gwajin ciki guda biyu a ƙasan kwallarta. Ƙanwarta Mufida, wadda ke aiki a wani asibiti a Bakura, ita ta kawo mata da ƙaramar Salla. Inno na fita, Lailatu ta sha ruwa moɗa biyu don fitsari ya zo, ta shiga makewayi da rana tsaka. Ta tsoma, ta jira. Layi ɗaya ya fito, alamar babu ciki. Ta juya tsinken a hasken rana, ta sake juyawa, layin dai ɗaya ne.

Ta kira Mufida a waya, ta gaya mata komai.

"Yaya, al'adarki ta wuce lokacinta?" in ji Mufida.

"A'a, sai ƙarshen makon nan nike sa ran ta."

"To kin yi gaggawa. In cikin sabo ne, abin da tsinken ke nema bai taru a fitsari ba tukuna, ga shi kin tsinka shi da ruwa. Ki bari lokacin ya wuce da 'yan kwanaki, ki gwada da fitsarin farko na asuba. Kuma don Allah kada maganin nan ya shiga bakinki."

"Mi zan ce wa Inna?"

"Ki gaya mata gaskiya."

Abin da Lailatu ba ta iya ba ke nan. Ta ga yadda tsohuwar ta rame bayan ɓarin ƙarshe, ba ta son ta sake ɗaga mata rai a kan abin da tsinke ya riga ya ce babu. Saura tsinke ɗaya, Mufida kuma ba ta da halin kawo wani, don a makon nan 'yan fashi sun tare motoci a hanya, mutane sun rage fita.

Washegari ta ce cikinta na murɗa, Inno ta ɗaga mata. Bayan nan ta riƙa karɓar ƙoƙon ta shiga ɗaki, in ta ga tsakar gida ba kowa ta tuttular a gindin zogale. Ranar da take sa ran al'ada ta zo ta wuce, ba ta ga komai ba. Ko Mas'ud ba ta gaya wa ba. Ya dai tambaye ta abin da ya sa ta daina cin tuwo da miyar kuka, ta ce zazzaɓi ne ke son kama ta.

Da safiyar Lahadi ta ga ɗigon jini a zanenta, ɗan kaɗan, mai duhu. Tana fitowa ta tarar da Inno zaune a kan turmi, ƙoƙo cike a hannunta.

"Na ga gindin zogale," in ji Inno, ba ta ɗaga murya ba. "Ni na taka har Kaya, da hanyar nan yadda take. Yau a gabana za ki sha."

Lailatu ta karɓa da hannu biyu. Ruwan ja ne, ɗacinsa har a hanci. Zuciyarta ta ce al'adar ce ta zo, mene ne kuma ya rage? Ta kai ƙoƙon har leɓenta. Sai ta sauke shi, ta ajiye a ƙasa.

"Inna, ki yi mini haƙuri zuwa gobe. Ina zaton... ban sani ba. Na gwada ya ce babu, amma jikina bai yarda ba."

Inno ta miƙe, ta ɗauke ƙoƙon, ta ce, "Shiga ki kwanta. Kada ki ƙara taɓa taɓarya."

Mufida ta ce a waya ɗigo irin wannan yakan faru a farkon ciki, amma in ya ƙaru ko mara ta yi ciwo, kada a jira komai, a nemi asibiti. Yinin nan Lailatu ba ta iya cin abinci ba, tana yawan shiga makewayi tana dubawa. Jinin bai ƙaru ba.

Da kiran sallar asuba ta ɗauki tsinken na ƙarshe da fitilar waya. Layin farko ya fito nan da nan. Ta tsura ido har hawaye ya taru. A hankali na biyu ya bayyana a gefensa, siriri, kamar an ja shi da ruwan lalle. Da ta buɗe ƙofar makewayin, Inno na tsaye da butarta, ko alwala ba ta yi ba.

"Biyu ne, Inna."

"Biyun mi ke nan? Ki yi mini Hausa."

"Akwai."

Tsohuwar ta zauna a ƙasa inda take, ta rufe fuska da mayafi.

Ranar da hanya ta yi sauƙi Mas'ud ya kai ta Bakura a babur, yana tafiya kamar ya ɗauko ƙwai. Aka tabbatar, aka sa ta fara awo da wuri saboda ɓarin baya. Tsoro bai sake ta ba sai ranar da ta ji motsi a cikinta, tana zaune tana tsince shinkafa. Da damina ta haifi ɗiya mace a asibitin, Mas'ud ya sa mata suna Safa.